Mama Rhoda, Mai Jiran Amsa

Duk wanda ya saba bi ta layin bayan cocinmu a Narayi da sassafe, tun kafin 'yan acaɓa su fito su hana kowa jin maganar ɗan'uwansa, ya san wata gajeruwar dattijuwa mai tabarau rataye da zare a wuya. Ita ce Mama Rhoda Benjamin, mai shagon saƙa suwaitar 'yan makaranta. In ta buɗe ƙofa takan tsaya ta yi addu'arta, sannan ta jawo dogon benci ta fara jera kwanduna daga hagu zuwa dama. Zaren ulu a farko, sai kwandon gaban riga da bayanta, sai na hannuwa, sai na waɗanda za a haɗa, har zuwa na can ƙarshe inda gamammu ke jiran guga. Daga nan ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya, ta saƙa layin farko a kan kowanne, ta bar shi haka nan a rataye. Ta ɗora kunu a wuta, ta zo bakin ƙofa ta tsaya.

In ma'aikatanta suka iso, ba za ka ji "ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya su Baba" ba. Abin da za ta ce kawai, "Benson, ka iso." Shi ke nan fa! Lokacin da na tare a unguwar na fara jiyo wannan gaisuwa ta kan katanga, cewa na yi, kai, wannan mata ko a garinsu ba a koya wa yara gaisuwa ne? Ashe da gangan take yi. Mu in aka jero mana tambayoyin gaisuwa, "lafiya lau" ɗaya ta share su duka. Shi Benson ɗaukarsu yake da gaske, ya tsaya yana neman amsar kowacce, kafin ya gama tunanin yadda ya kwana an jefo masa ta gida, sai ya daskare a bakin ƙofa aikin ranar ya lalace tun bai fara ba.

Sunana Esther, tsohuwar malamar firamare ce ni, katanga ɗaya ta raba gidana da na Mama Rhoda, kuma duk Narayi an san labari mai daɗi ba ya kwana a cikina. Lahadin da ta wuce zumuntar mata ta yi mata bikin ajiye aiki, don idanunta sun fara gajiya, ta miƙa shagon ga 'yarta Debby. An yi waƙa, an taka rawa, an ba ta atamfa. Aka ce in yi jawabi a taƙaice. Ni da taƙaitawa? Ko rabi ban kai ba shugabar mata ta fara nuna mini agogo, ina ji ina gani aka karɓe makirufo. To ga shi na zo inda babu mai karɓe mini komai. Abin da ke cina in faɗa shi ne, bana, shekarar da sojoji suka koma bariki kowa yana ta murnar an tambaye shi wa yake so ya mulke shi, saura ƙiris a ɗauki wani namiji mai gemu, ɗan shekara talatin da wani abu, a sa shi a mota kamar buhun masara a kai shi inda zai ƙare rayuwarsa, ba tare da wani ya ce masa "kai me ka gani?" ba. Matar nan ce ta hana.

Mama Rhoda 'yar Filato ce. Ta zo Kaduna da ƙuruciyarta ta shiga ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, ta daɗe tana duba yadi kafin a naɗe shi. Da ta bar can sai ta sayi tsohon injin saƙa irin na turawa da hannu, ta kafa shi a shagon da ke gaban gidanta. Hannunta na da kyau, makarantu suka fara kawo aiki, inji ya zama injina.

A nan ne wata rana marigayi Ishaya, wanda suka yi aikin masaƙa tare, ya shigo riƙe da hannun ɗansa Benson. Lokacin Benson ya riga ya zama saurayi. An kai shi garejin gyaran mota, an dawo da shi. An kai shi wurin kafinta, an dawo da shi. Kowane maigida maganarsa ɗaya ce: malalaci ne, ba ya jin magana, sai ka sa shi aiki ya tsaya yana kallonka. Uban ya ce mata, "Rhoda, na rasa yadda zan yi. In na ce ya je ya yi wanka, sai in tarar da shi tsaye da bokiti har ruwa ya huce. Na aike shi sayen sabulu, mai kanti ya ce wanne, ja ko fari, yaron nan yana tsaye a wurin sai da aka zo aka kira ni. Amma ki duba rigar nan da ke jikina, jiya ya nuna mini inda zare ɗaya ya tsallake, ni da na shekara nawa a masaƙa ban gani ba." An kai shi wuraren addu'a, an ba shi jiƙe-jiƙe, uban ya kusa haƙura. Ita dai ba ta yi alkawarin komai ba. Ta ce, "Ka bar shi ya zauna ya kalla."

Ya zauna ya kalla har damina ta wuce. Ranar da ya ɗora hannu a inji, tabɗi! Layi na fita sumul kamar an ja da rula. Amma sai an fara masa. In aka ajiye shi gaban inji babu komai a kai, zai wuni yana kallon allurai yana kaɗa jiki, ya san aikin sarai, farawar ce ke gagararsa. Shi ya sa take saƙa layin farko ta bari. In ya gama gaban riga kuma, sai ya rasa me ke biye, shi ya sa ta jera kwanduna, ido ya gaya masa abin da baki zai dame shi da shi. Babu wanda ya koya mata wannan, gwadawa take yi ta ga wanne ya ci.

Zaɓi ne ya fi ba ta wahala. In ta ce, "Wane kala za mu sa a wuya?" shi ke nan ta kashe rana. Ta rage tambayar ta koma ɗauko zare biyu ta ajiye masa, shuɗi da kore, ta tsaya tana jira. Duk da haka shiru, sai zufa, sai ya fara cizon yatsa. Rannan tana tsaye a kansa haka sai wata mata ta yi sallama daga waje. Ta juya ta tafi bakin ƙofa, suka yi ta hira, kun san mu mata. Ko da ta waiwayo, Benson ya zura shuɗin zare har ya yi nisa da saƙa! Ta ce mini a ranar ji ta yi kamar ta ɗaga shi sama. Ashe idonta ne ke danne shi. In ana kallonsa, maimakon ya yi tunanin zare, sai ya koma tunanin fuskar mai kallo, me take so in ce, ta fara fushi ne, na daɗe ne. Tun daga ranar ta kafa doka a shagon: a ajiye wa mutum abu biyu, a juya a fuskanci bango, kada a waiwayo sai ya ce ya gama. Kuma duk wanda ya amsa wa wani tambayar da ba shi aka yi wa ba, zai sha faɗan da bai taɓa sha ba. Ni kaina na sha, ba sau ɗaya ba, don bakina ba ya jira.

Daga baya ne ƙanwar Benson, Lizzy, wadda nas ce tana aure a Mahuta, ta kai shi wurin wani likitan ƙwaƙwalwa a cikin gari. Likitan ya ce abin yana da suna, otizim, da shi aka haife shi, ba jifa ba ne, ba aljanu ba ne, kuma yaro mai shi yakan girma ya zama babba mai shi, ba ya wucewa don an yi gemu. Ya ce da yawa daga cikinsu suna shan wahala wajen fara aiki, da jera shi, da barin wani a koma wani, da yanke shawara in abubuwa sun yi yawa. Lizzy ta zo ta faɗa wa Mama Rhoda, ita kuwa ta tafa hannu ta ce, "Yauwa! Allah ya saka wa likitan nan. A masaƙa muna da mutumin da aikinsa kawai ya ce a fara, a tsaya, a canza zare. To ma'aikatan da ke cikin kan Benson duk gwanaye ne, wancan mutumin ne yake yawan makara. Sai mu riƙa riƙe masa wurin kafin ya iso." Da likitan ya ji yadda ake aiki a shagon, ya aiko mata da gaisuwa, ya kuma turo mata wasu iyaye.

Ta haka Hannatu ta zo, mace babba, mai irin halin Benson amma ta wata fuskar. Ita farawa ba ta dame ta ba, tsayawa ce ba ta iya ba. In ta hau inji za ta saƙa hannun riga har ya sauka ƙasa ya fara naɗewa, ba ci ba sha. In ka daka mata tsawa ta firgita ta toshe kunne, ranar ta tafi. Mama Rhoda ba ta kiran sunanta ma. Kofin kunu take kawowa ta ajiye a gefen inji inda hannu zai wuce. Hannatu ta ga kofi, ta ƙarasa layin da take kai, ta tsaya da kanta. Na ga wannan da idona sau ba adadi, kuma har yau in na gani sai na yi dariya don daɗi.

Ku je Tudun Wada ku tambayi Malam Musa mai sayar da zare. Shi ya ba ni labari da bakinsa, yana yi yana buga cinya. Ya ce ranar da Mama Rhoda ta fara turo Benson sayen ulu shi kaɗai, ta riga ta zo ta ja masa kunne: "Malam, kada ka baje masa kanti. Biyu za ka fito da su, ka koma ka yi ta murɗa rediyonka." Ya ce haka ya yi, yana murɗa rediyo yana satar kallo ta madubin sikeli. Benson ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya kai ɗaya kusa da ido, ya ture shi ya ce, "Wannan zai tsinke." Malam Musa ya ce, "Malama Esther, wallahi da na ja zaren nan sai ga shi ya tsinke a hannuna. Yanzu in kaya suka zo, har so nake ya leƙo."

Kada ku ɗauka kullum daidai yake zaɓa. Akwai ranar da ya zaɓi zare mai kauri ya yi hannuwan riga da shi alhali jikin rigar da siriri aka yi. Mama Rhoda tana gani, ta yi gum. Debby ta yunƙura za ta yi magana, uwar ta taka mata ƙafa. Da aka haɗa rigar sai ga hannuwa sun miƙe kamar na mai shirin dambe. Benson ya daɗe yana kallonta, ya ɗauko allura ya warware da kansa, bai sake irin wannan ba. Na ce mata, "Haba Mama, kina gani kika bar shi ya ɓata wuni guda?" Ta ce, "Esther, in sai abin da nake so ne zai zaɓa, ai ni na zaɓa ba shi ba."

Ke ce, Mama Rhoda, kika ga ma'aikaci inda masu gida da yawa suka ga rago. Ke ce kika koyi rufe baki a garin da kowa ke gaggawar ƙarasa wa wani magana. Uwar masu tafiya a hankali, sannu da haƙuri!

To ga abin da ya faru bana. Da damina ta kankama Allah ya yi wa Ishaya rasuwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, gidan da suke ciki na haya ne, dole a tashi. Bayan an gama zaman makoki sai wan marigayin, Baba Albert, manomin citta daga wani ƙauye wajen Kwoi, ya tara dangi. Kada wani ya zage shi a gabana, mutumin kirki ne, son ɗan ƙaninsa ne ya kawo shi. Dangi suka yanke cewa Benson ya koma ƙauye, ga abinci, ga gona, ga masu kula da shi. Har an yi magana da direba, an ɗaure katifa. Benson yana zaune a lungu yana kaɗa jiki, ana ta maganarsa a kansa kamar ba ya wurin. Lizzy ce ta sulale ta zo ta kira Mama Rhoda, ni kuma da na ga sun fita da sauri na yafa gyale na bi su, don irin wannan ba ta wuce ni.

Ta gaishe da manya yadda ya kamata, har ƙasa, ta yi musu ta'aziyya, sannan ta ce, "Baba, an tambaye shi?"

Baba Albert ya ce, "Maman Debby, wa za a tambaya? Yaron da ko sabulu ba ya iya zaɓa?"

Ta ce, "Baba, ba yaro ba ne, ga furfura nan ta fara leƙowa a gemunsa. Soja ma da bindigarsa ya gaji da yanke wa mutane hukunci ya koma bariki, sai mu ne za mu yi wa Benson mulkin soja a falo?"

Wayyo, dariya ta kusa ƙwace mini a gidan makoki! Wata gwaggo ta ce wannan mata ma'aikacinta take karewa. Mama Rhoda ba ta musa ba. Ta ce, "Gaskiya ne ina so ya zauna, akwai ɗaki a bayan shagona. Ku ma kuna so ya tafi. Shi ne ba mu san me yake so ba. Ku ba ni lokaci ya ga wuraren biyu da idonsa, sannan a tambaye shi yadda yake iya amsawa. Duk abin da ya ce, na rantse ba zan ƙara kalma ba." Baba Albert ya ce ya yarda, amma in aka tambaya bai amsa ba, mota za ta tashi da shi.

Haka aka yi. Ta gaya wa Benson tun da wuri abin da za a tambaye shi, a taƙaice, ba ta sake maimaitawa ba. Lizzy ta ɗauki hutu ta kai shi ƙauye ya kwana biyu, ya ga ɗakuna, ya ga gona, ya ci abincinsu. Ya dawo ya kwana biyu a ɗakin bayan shago. Kuma bari in tona mata asiri kaɗan: matar nan da ta ce ba za ta ƙara kalma ba, sai da ta sa aka yi wa ɗakin fenti shuɗi, kalar da ya fi so, ta ɗinka labule, ta sayi sabuwar fitila. Na ce, "Mama, wannan ai kamfe ne." Ta ce, "Rufe mini baki, ɗakin ne ya yi datti." Duk layinmu mun gama yanke cewa Benson namu ne, ba inda za shi.

Ranar da aka sa, bayan an taso daga coci, aka cika falon Mama Rhoda. Baba Albert da gwaggo da wasu dangi, Lizzy, Debby, da ni da ba a gayyata ba. Ta jawo ƙaramin tebur gaban Benson. Ta ajiye makullin ɗakin bayan shago a gefe ɗaya, ta karɓi saiwar citta daga jakar Baba Albert ta ajiye a ɗaya gefen. Ta ce, "Benson, wannan Kaduna, wannan ƙauye. Inda za ka zauna. In ka gama ka faɗa." Sannan ta dubi jama'a ta ce, "Oya, kowa ya tashi ya fuskanci bango."

Baba Albert ya ce, "Ni? Da girmana?"

Ta ce, "Har da ni, Baba."

Jama'a, da kun ga abin! Dattawa da manyan riguna, mata da ɗaurin ɗankwalin coci, kowa ya sa hanci a bango kamar 'yan aji ɗaya da suka yi surutu. Ni da na shekara da shekaru ina sa yara wannan horo, ga ni yau ana yi mini. Shiru ya yi tsawo. Ba ka jin komai sai kukan kujera da Benson ke kaɗawa da ɗan gunjin da yake yi in yana tunani. Gwaggo ta yi tsaki. Baba Albert ya yi gyaran murya, ya sake yi. Ni kuwa harshena har ƙaiƙayi yake, in ce "ɗauki makulli mana, ɗana," amma na tuna faɗan da ke jirana na cije.

Sai muka ji ƙofa ta buɗe, takunsa ya fita waje.

Baba Albert ya ce, "Kun gani ko? Ya gudu. Na faɗa muku."

Mama Rhoda, fuskarta na bango, ta ce, "Bai ce ya gama ba. Kada wanda ya motsa." Ta san in bai dawo ba magana ta ƙare, mota za ta tashi da shi kamar yadda aka yi alkawari, kuma ba za a sake tambayarsa komai ba har ya mutu.

Can sai ga takun ya dawo, a hankali, kamar na mai ɗauke da kaya. Muka ji an dire ƙarfe a kan tebur. Sannan muryarsa, ba hawa ba sauka kamar kullum: "Na gama."

Muka juya gaba ɗaya. Ashe shago ya je, ya ciro kan injinsa, wannan ƙarfen da ake turawa, ya kawo ya ajiye. Kuma a jikin cittar ya ajiye shi. Makullin kuwa ya tura shi can bakin tebur, ta wajen Mama Rhoda. Bai kalli kowa ba, ya ce, "Ƙauye. Da inji. Ba gona. Ɗakin da ke bayan mangwaro, ni kaɗai. Kaduna ƙara ta yi yawa."

Na dubi Mama Rhoda. Matar da ta rantse ba za ta ƙara kalma ba, bakinta ya kufce, murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Benson, ɗakin da aka yi wa fenti fa?"

Ya ce, "A'a, Mama."

Na ce yau za a ga kuka. Kuma an gani, don hawaye ne suka zubo mata har kan tabarau. Amma kafin su sauka haɓa, sai matar nan ta ɗaga kai ta rangaɗa guɗa, ta toshe bakinta da sauri don kada ta firgita shi, ta fita tsakar gida da gudu ta ƙarasa ta a can! Muna jiyo ta tana taka rawa tana cewa, "Kun ji? Kun ji da kunnenku? Ya ce mini a'a! Ni Rhoda, Benson ya ce mini a'a! Na ba shi biyu ya kawo na uku da kansa! Yesu, na gode!" Maƙwabta suka fito suna tambaya ko haihuwa aka yi. Lizzy ta durƙushe tana kuka tana dariya. Ni ban san lokacin da na bi bayanta muka kama rawa tare ba, da ciwon gwiwata da komai.

Baba Albert kuwa, da ya samu abin da ya zo nema amma ba yadda ya tsara ba, ya cire hularsa ya daɗe yana kallon ɗan ƙaninsa. Ya ce, "Ashe kana da magana haka, ɗana? Gona an yafe maka. Ɗakin bayan mangwaro naka ne." Sannan ya ce, "To yaushe za mu tafi, Asabar ko Litinin?" Kafin wani ya ce masa komai, tsohon nan ya juya ya fuskanci bango da kansa.

Litinin suka tafi. Injin da ya fi kowanne kyau a shagon ta sa aka kwance aka ɗora a mota, da benci, da kwanduna. Ta bi su har ƙauyen ta nuna wa matar Baba Albert yadda ake jera kwandunan da yadda ake saƙa layin farko. Lizzy ta je kwanan baya ta dawo da labari: injin ba ya buƙatar wuta, yana ta aiki a ƙarƙashin mangwaro, makarantar garin ta kawo aikinta, har daga ƙauyukan kusa ana zuwa. Ta ce ya yi ƙiba, cizon yatsan ma ya ragu.

Ku da ke karanta wannan, ku duba gidajenku. Akwai mai gemu ko mai furfura da har yau ake amsa masa tambaya, ake zaɓa masa riga, ake yanke masa inda zai zauna, don kawai amsarsa ba ta zuwa da sauri. Ba sai kuna da shago ba. Ku rage masa tambayar, ku nuna masa abin da idonsa, ku ɗauke masa idonku, ku jira. In ya faɗi abin da bai yi muku daɗi ba, ku karɓa, don wannan ne wurin da yawancinmu za mu faɗi.

Na tambaye ta shekaranjiya, muna zaune a ƙofar gida, na ce, "Mama, tsakaninki da Allah, bai yi miki ciwo ba?" Ta ce, "Yana yi mana, Esther. Har yau in na tashi da safe sai in ji kamar zai shigo. Amma da ya zauna don ya faranta mini, da duk shekarun nan aikin banza na yi."

Mama Rhoda, mun gode. Narayi ta gode, Lizzy ta gode, Hannatu da iyayenta sun gode, marigayi Ishaya ma da yana nan da shi zai fi kowa rawa. Allah ya ƙara wa idanunki haske, ya ba ki hutu mai daɗi, ya ba Debby irin haƙurinki. Kin so mutumin nan ya zauna kusa da ke fiye da kowa a duniya, kuma ke ce kika koya masa yadda zai ce miki a'a, da ya faɗa kika yi masa guɗa.